Daga Maraɗi Zuwa Damagaram: Nisan Sama da Nisan Ƙasa

Idan aka tambayi direban motar haya a tashar Maraɗi nisan Damagaram, zai ce kilomita 240 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Idan aka tambayi matuƙin jirgin sama, zai ce kilomita 200 ne da ƴan kai. Idan kuwa aka tambayi manomin wani ƙauye na ƙasar Gazawa, ba zai ambaci kilomita ba sam. Zai ce in an dace da mota da safe, kuma ruwa bai yanke hanya ba, ana yin sallar la'asar a can. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa da ma'aunin da ya yi awo da shi.

Sanin bambancin waɗannan ma'aunai ya kamaci kowane ɗan ƙasa, musamman ma'aikatan da aka ɗora wa nauyin tsara ayyuka da kashe dukiyar jama'a. Filin jirgin sama abu ne mai cin kuɗi, hanyar mota ma haka, aljihun ƙasa kuwa ɗaya ne. Gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna mutanensu sun haura 900,000 idan aka haɗa su, babu wadda ke da filin da jirgin fasinja ke sauka. Filin jihar yana Maraɗi, na jihar da ke maƙwabtaka da ita daga gabas yana Damagaram. To, me tazarar da ke tsakanin filayen nan biyu take nufi ga mutanen da ke zaune a ƙarƙashinta?

Daga zango zuwa kilomita

Mutanen da ba su san kilomita ba, amma sun san nisa. Fatake suna lissafin tafiya da zango, wato abin da ayari zai iya ci daga hantsi zuwa faɗuwar rana, daga wannan rijiya zuwa waccan. Idan ayarin jakuna da raƙuma yana cin kilomita 30 a yini, to tsakanin Maraɗi da Damagaram kwana takwas ke nan, ban da ranar kasuwa da ranar hutun dabbobi.

A watan Janairu na 1851, Turawa uku masu yawon binciken ƙasa sun rabu a ƙasar Damargu. James Richardson ya nufi Damagaram, Adolf Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi, shi kuwa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim, ya bi ta Tasawa, ya ya da zango a Gazawa, sa'an nan ya wuce Katsina da Kano. A wancan zamani Gazawa mashiga ce a kan hanyar da ta taso daga arewa ta nufi kudu. Hanyar gabas da yamma, wadda ake ji da ita a yau, sai daga baya ta samu girma, bayan da aka shata iyaka, aka kuma mai da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. A cikin shekarun 1930 kuma jiragen Faransa masu ɗaukar wasiƙu da fasinja daga Aljeriya zuwa Kwango sun riƙa ya da zango a Yamai da Damagaram. Daga nan ne aka samu sabon ma'auni, wanda bai san rijiya ba, bai san gulbi ba, bai san tudu ko kwari ba.

Yadda ake auna nisan sama

Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta kuma kimanin kilomita 40,000 ne. Masana sun raba wannan kewaye gida 360, kowane gida sunansa digiri, tsawonsa wajen kilomita 111. Kowane digiri an sake raba shi gida 60, ana ce wa kowane ɗaya minti, amma mintin taswira ne, ba na agogo ba. Da waɗannan lambobi ake sanin mazaunin kowane gari a bayan ƙasa, kamar yadda ake sanin gida da sunan unguwa da lambar ƙofa.

Filin jirgin Maraɗi yana kan digiri 13 da minti 30 arewa da tsakiyar duniya, da digiri 7 da minti 8 ta gabas. Na Damagaram yana kan digiri 13 da minti 47 ta arewa, da digiri 8 da minti 59 ta gabas. Ashe Damagaram ta ɗara Maraɗi arewa da minti 17, abin da ya kama kilomita 31. Ta ɗara ta gabas da digiri ɗaya da minti 51. A nan akwai abin lura. Layukan da suka taso daga ƙuryar arewacin duniya zuwa ƙuryar kudu kamar zanen jikin kabewa suke: a tsakiya sun buɗe, wajen hanci kuwa sun matsu. A daidai ƙasar Hausa, digiri ɗaya na gabas da yamma bai wuce kilomita 108 ba. Saboda haka digiri ɗaya da minti 51 ya ba da kilomita 200.

Wanda zai tafi gabas kilomita 200, sa'an nan ya juya arewa kilomita 31, ya yi tafiyar kilomita 231. Amma wanda ya ratsa ta tsakiya, kamar manomin da ya yanke gona daga kusurwa zuwa kusurwa maimakon ya bi gefenta, kilomita 200 da ɗoriyar biyu ko uku kawai zai yi. Wannan shi ne nisan sama tsakanin Maraɗi da Damagaram. Misalinsa shi ne zaren da aka ja aka ɗame a bayan ƙwarya tsakanin ɗigo biyu: babu wata hanya da ta fi shi gajarta.

Su matuƙa ba su cika lissafi da kilomita ba. Ma'auninsu shi ne mil na teku, wanda suka gada daga masu jiragen ruwa. Tsawonsa mita 1,852 ne, daidai da minti ɗaya na taswira daga kudu zuwa arewa. A bakinsu, tsakanin filayen biyu mil 110 ne. Kowane fili kuma yana da laƙabinsa na haruffa da duniya ta san shi da shi: MFQ ga Maraɗi, ZND ga Damagaram, NIM ga Yamai. Su ne haruffan da matafiyi ke gani a takardar da aka ɗaura wa jakarsa.

Abin da ke ƙarƙashin layin

Idan aka aza zare a kan taswira daga filin Maraɗi zuwa na Damagaram, za a ga ya ratsa ƙasar Agye, ya wuce kamar kilomita 10 arewa da garin Agye, haka kuma arewa da garin Gazawa, ya tsallake Gulbin Kaba, ya bar Tasawa a hannun hagu. Ita kuwa hanyar ƙasa mai lamba 1 ba ta da ikon miƙewa haka, domin an yi ta ne saboda mutane da kasuwanni. Ta bi ta Cadawa, ta iso Agye a wajen kilomita 80, ta iso Gazawa kusan kilomita 100, daga nan ta karkata arewa maso gabas don ta gai da Tasawa, kana ta bi ta Takeita ta shiga Damagaram. Waɗannan karkace-karkace su ne suka ƙara mata kusan kilomita 40. Ba asara ba ne, domin a cikinsu ne ake lodin ayar Cadawa, da gyaɗa da wake da riɗi na ƙasar Agye da Gazawa.

Wanda ya leƙa ta tagar jirgi a wannan tsakani zai ga gonaki manne da juna, babu dajin kirki, amma gonakin cike suke da itatuwa, gawo da kalgo da aduwa da sabara. Wannan aikin manoma ne. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi a ƙone. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan haka har wajen ƙasa. Daga sama aka tabbatar da girman aikin: masu bincike sun gwada hotunan da jirage suka ɗauka a 1975 da waɗanda taurarin ɗan Adam suka ɗauka bayan shekara ta 2000, suka ƙiyasta cewa kimanin kadada miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomin da bai taɓa shiga jirgi ba, jirgi ne ya ba da shaidar guminsa.

Ta wajen yamma

Gidan Rumji tana yamma da Maraɗi, wajen kilomita 50 a kan hanyar Yamai, a bakin Gulbin Maraɗi. Layin da ya shafe ta shi ne na Maraɗi zuwa Yamai, shi kuwa labarinsa dabam ne. Filayen biyu kusan a kan layi ɗaya suke, digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, tsakaninsu kuma kimanin kilomita 535 ne a sama. A ƙasa kuwa tafiyar ta kai kilomita 660.

Dalilin wannan rata ta kilomita 125 a fili yake ga wanda ya dubi taswira. Zaren da aka ja daga Maraɗi zuwa Yamai yana ratsa kudancin gundumar Gidan Rumji, sai ya faɗa ƙasar Nijeriya, ya bi ta wajen Sabon Birni da Goronyo da Gwadabawa a jihar Sakkwato, kafin ya komo cikin Nijar a jihar Doso. Wato ya tashi daga maƙwabtan Tsibirin Gobir ya bi ta kan Sabon Birnin Gobir, ƙasar dangi ɗaya da iyaka ta raba. Hanyar mota kuwa tilas ta zagaye iyakar: ta hau arewa wajen Madawa, ta bi ta Birnin Ƙwanni, ta gangaro Dogon Dutsi, ta ƙara gangarawa Doso, sa'an nan ta hauro Yamai. Iyakar tsawon tafiya, iyakar ribar da sama ke ci a kan ƙasa. Tsakanin Yamai da Damagaram kimanin kilomita 735 ne a sama, amma kusan 900 a ƙasa.

Nisa dabam, lokaci dabam

Jiragen da suka fi dacewa da filayen jihohi su ne masu farfela biyu, masu ɗaukar mutum 50 zuwa 70, irin su Fokker 50 da ATR 72. Gudunsu ya kai wajen kilomita 500 a awa idan sun daidaita a sama. Da a ce lissafi kaɗai ake bi, da kilomita 200 ba su wuce minti 24 ba. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudu. Sai ya gangara kan titinsa, ya jira izini, ya hau sannu a hankali, kuma bai gama hawa ba sai lokacin fara sauka ya yi. Shi ya sa tafiyar takan ci kamar minti 40. Ta Maraɗi zuwa Yamai kuwa, da ta ninka ta fiye da sau biyu da rabi, ba ta wuce awa ɗaya da minti 20.

Iska ma tana da nata hukunci. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a awa, idan iska mai gudun kilomita 50 ta tare shi ta gaba, 450 kawai yake ci a ƙasa. Idan ta bayansa take, 550 yake ci. Saboda haka zuwa da dawowa ba su cika yin daidai ba, ko da yake nisan bai sake ba.

Kowane lokaci na shekara da irin tasa matsala. Da hunturu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. Ranar da hazo ya yi kauri har matuƙi ba ya iya hango titin sauka, sai a ɗage tafiya, ko jirgi ya yi ta shawagi ya juya. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin zafi, iska takan yi sakayau, fukafukai ba su samun abin dafawa sosai, sai jirgi ya bukaci titi mai tsawo, ko kuwa a rage masa kaya. Da damina kuma hadari yakan taso daga gabas, kamar yadda kowane manomi ya sani, ya yi jere kamar ganuwa. Matuƙi ba ya kutsawa cikinsa, sai ya zagaye, zagayen kuwa ƙarin kilomita ne.

Don haka dokokin sufurin sama na duniya, waɗanda tushensu ke cikin yarjejeniyar Shikago ta 1944, ba su yarda jirgin fasinja ya tashi da man kilomita 200 cif-cif ba. Sai ya ɗauki na isa inda za shi, da na juyawa zuwa wani fili idan sauka ta gagara, da kuma na shawagin rabin awa a kan wannan. Masu yi wa jirage jagora a sararin ƙasar nan su ne ma'aikatan hukumar ASECNA, wadda aka kafa ran 12 ga Disamba 1959 a birnin Sanluwi na Senegal, Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ta. Babbar makarantarta ta horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu duba yanayi a Yamai take.

Lissafi daga ƙofar gida

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Matafiyi ba daga titin jirgi yake fara tafiya ba, daga ƙofar gidansa yake farawa. Ga lissafin a ƙiyasce, idan aka ɗauka mota tana cin kilomita 60 zuwa 70 a awa, har da tsaye-tsayen hanya.

Ma'aikacin da ke zaune a cikin garin Maraɗi, idan zai tafi Damagaram da mota, zai yi awa uku da rabi zuwa huɗu. Idan da jirgi ne, zai isa fili awa ɗaya kafin tashi, ya yi minti 40 a sama, ya yi kamar rabin awa wajen karɓar kaya da shiga gari. Da zuwansa fili, duka awa biyu da rabi ke nan. Ribarsa awa ɗaya ce ko ɗaya da rabi.

Mutumin Agye kuwa sai ya koma baya kilomita 80 kafin ya ga jirgin. Idan aka tara, tafiyarsa ta kai awa uku da rabi, alhali da ya miƙe gabas da mota, kilomita 160 ne, awa biyu da rabi. Na Gazawa ya fi shi asara: ya koma baya kusan kilomita 100, ya shiga jirgi, ya sake wucewa ta saman gonarsa, ya isa bayan kusan awa huɗu, ga shi kuwa kilomita 140 ne kacal tsakaninsa da Damagaram, tafiyar awa biyu da ƴan mintoci. Ga mutanen gundumomin nan biyu, jirgin Maraɗi zuwa Damagaram ba ya rage musu ko taki ɗaya.

Amma a dubi mutumin Gidan Rumji da zai tafi Yamai. Da mota, kilomita 600 da ɗoriya ne, wuni guda cur, awa tara ko fiye. Idan ya koma Maraɗi ya shiga jirgi, ko da an haɗa da komawar da jiran da shiga gari, bai cika awa huɗu ba. Ribarsa awa biyar. Haka ma na Agye da na Gazawa idan Yamai suka nufa, domin a wannan karon filin yana kan hanyarsu. Ashe amfanin filin Maraɗi ga talakawan jihar yana ga doguwar tafiya. A gajeriyar tafiya, kwalta mai kyau ta fi fiffike.

Abin da ya sa gajeren zango ke da tsada

Kamfanonin jirage ma da wannan lissafi suke fama. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa. Kuɗin sauka da ake biyan fili, da lalacewar tayu da birki, da binciken da ake yi wa inji bayan sauka kaza, duk da yawan sauka ake lissafa su, ba da yawan kilomita ba. Idan aka raba wannan nauyi a kan kilomita 735, da sauƙi. Idan aka raba shi a kan 200, kowace kilomita ta yi tsada. Ga shi kuma motocin safa na kamfanoni suna tashi kullum a kan kuɗin da bai kai ko kusa da na jirgi ba. Shi ya sa zangon Maraɗi da Damagaram bai cika tsayawa da ƙafarsa ba. Yawanci yanki ne na doguwar tafiyar da ta taso daga Yamai.

Tarihin sufurin sama na cikin gida ya nuna wuyar al'amarin. An kafa kamfanin Air Niger a 1966, ya yi aiki da jirage irin su DC-3, yana haɗa Yamai da manyan garuruwan jihohi, amma bai wuce 1993 ba. Kamfanin Air Afrique, wanda Nijar da wasu ƙasashe goma suka kafa a Yawunde a 1961 don tafiye-tafiyen ƙetare, ya durƙushe a 2002. Kamfanin Niger Airlines ya fara jigila a 2014 da jiragen Fokker 50, a shekarun da suka biyo baya kuma ya riƙa sauka Maraɗi da Damagaram da Agadas da Difa. Filayen su kansu sun samu gyara albarkacin bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha jiha: Maraɗi Kwalliya a 2015, Damagaram Sabuwa a 2018. Amma gyaran fili abu ɗaya ne, samun jirgin da zai riƙa sauka a kan ƙa'ida, mako bayan mako, wani abu ne dabam.

Filin da ya fi kusa

Taswira tana da wani abin mamaki. Filin jirgin da ya fi kusa da garin Agye ba na Maraɗi ba ne. Tsakanin Agye da filin Maraɗi kimanin kilomita 70 ne a miƙe, amma tsakaninta da filin Katsina bai cika 60 ba. Gazawa ma haka: wajen 85 zuwa Maraɗi, wajen 120 zuwa Damagaram, 60 da ƴan kai zuwa Katsina. Filin Maraɗi da na Katsina kilomita 80 ne kawai tsakaninsu. Maraɗi da Damagaram da Kano kuwa sun zauna kamar duwatsun murhu: 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, 200 tsakanin Damagaram da Kano, 220 tsakanin Kano da Maraɗi.

Sai dai iyaka ita ma nisa ce, ko da yake ba a auna ta da kilomita. Akwai takardu, akwai duwan, akwai canjin kuɗi, akwai kuma ranar da ƙofa ke rufewa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyakar ƙasashen biyu daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A irin waɗannan lokuta, kilomita 60 sun fi 600 nisa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa jiha mai mutum fiye da miliyan uku da dubu ɗari huɗu, bisa ƙidayar 2012, ba za ta dogara ga filin maƙwabta ba, komai kusancinsa da kyan zumunci. Hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wadda aka aza harsashinta a Fabrairu 2021, ita ma da wannan sharaɗi amfaninta zai tabbata.

Ranar da fili ke da rana

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun da talaka bai cika shiga jirgi ba, filin jirgi ba nasa ba ne. Akwai ranakun da minti ke da daraja fiye da kuɗi.

Idan fari ko jan-baki suka faɗa wa gonaki, ƙananan jiragen feshi ne ke iya gaba da su. Irin wannan jirgi ba ya ɗaukar magani mai yawa, sai ya riƙa komowa yana cikawa; iyakar kusancin filin da gonakin, iyakar yawan kadadar da zai fesa kafin rana ta yi zafi. Ƙasar nan ta ga farin ɗango a 1988 da 2004. A shekarar 2005, lokacin da ƙarancin abinci ya tsananta a jihar Maraɗi, da yawa daga cikin kayan agajin da suka zo ta sama a Yamai suka sauka, sa'an nan aka ɗora su a manyan motoci suka yi tafiyar kilomita 660, yara masu tamowa suna jira. Tun 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe sashen jiragenta na agaji, UNHAS, a Nijar, don kai likitoci da ma'aikata jihohi. A 2019, da dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan gundumar Gidan Rumji ne suka fara karɓarsu, filin Maraɗi kuma shi ne ƙofar da ta fi kusa ga masu kawo ɗauki.

Ga kuma maniyyata. Shekara da shekaru galibinsu daga Yamai suka saba tashi. Dattijon Gazawa yakan yi tafiyar kilomita 750 zuwa yamma a cikin mota, ya yi kwanaki yana jira, sa'an nan jirgi ya ɗauke shi ya nufi gabas, tafiyar kimanin kilomita 4,000 zuwa Jidda. Sau da yawa wahalar zangon farko ta fi ta biyu. Haka majinyacin da aka ce sai babban asibitin Yamai: awa tara a kan hanya da awa ɗaya da minti 20 a sama ba ɗaya ba ne ga mai numfashi da ƙyar.

Abin da lissafin ya nuna

Nisan sama tsakanin Maraɗi da Damagaram ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Yadda yake a zamanin fatake haka yake a yau. Abin da hannun mutum ke iya sakewa shi ne sauran tafiyar. Filin jiha yana bukatar titi mai lafiya, da shinge don kada dabbobi su shiga, da motar kashe gobara, da ma'aikatan duba yanayi, da na'urorin da ke taimakon matuƙi ranar hazo, domin ranar bukata ba ta yin sallama. Yana bukatar jirgin da ke zuwa a ranar da aka ce zai zo, musamman a dogon zango, inda ribar take.

Amma komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Buhun magani da ya sauka Maraɗi cikin awa ɗaya da ƴan mintoci, idan ya kwana biyu kafin ya isa wani ƙauye na Gangara ko Gidan Sori ko Cadakori saboda hanya ta yanke, to saurin jirgin ya tafi a banza. Kowane rami da aka cike a hanya mai lamba 1, kowace gada da aka ɗora a kan gulbi, kowace hanyar jan ƙasa da aka kai wata kasuwar ƙauye, ragi ne ga nisan da ke tsakanin talaka da filin jirgi. Shugabannin gundumomi da magadan gari da sarakuna, waɗanda su ne suka san inda mota ke maƙalewa da damina, su ya kamata su fara kawo wannan lissafi a gaban masu tsara kasafi. Mazauna bakin hanya kuma nasu aikin shi ne kiyaye ta: kada a haƙa ta, kada a tare magudanar ruwanta, kada a ɗora wa mota kayan da ya fi ƙarfin kwalta.